Kuɗi a Cikin Waya: Abin da Ya Kamata Mazaunin Yamai Ya Sani

Idan ka shiga Babbar Kasuwar Yamai ko kasuwar Katako a yau, za ka ga abin da babu shi shekaru ashirin da suka wuce. Mai saye ya gama ciniki, amma bai ƙirga ko dala ba. Sai ya ciro wayar salula, ya danna wasu lambobi, wayar mai kanti ta yi ƙara, shi ke nan an biya. Har yanzu mafi yawan ciniki a Nijar da tsabar kuɗi ake yinsa, musamman a wajen mai kayan miya, da mai taksi, da mai shayi. Amma sannu a hankali kuɗi suna barin aljihu suna komawa waya. Wannan bayani domin kai ne, ɗan'uwa ko 'yar'uwa mai koyon karatu, don ka san yadda abin yake tafiya kafin ka sa guminka a ciki.

Kuɗi sun daɗe suna sauya kama

Kakanninmu da wuri suke ciniki. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canza dala ɗaya ta azurfa da wuri 2,500. Mai son sayen doki a wancan zamani sai ya nemi masu ɗaukar masa kuɗin. Bayan haka Turawa suka kawo nasu silalla da takardu, kuma a watan Disamba na 1945 aka ƙirƙiro kuɗin sefa. Wuri ya tafi, azurfa ta tafi, amma kalmar dala ta zauna a bakinmu har gobe. Ka riƙe wannan, don za mu komo kanta.

Duk lokacin da kuɗi suka sauya, tambayoyi biyu mutane suke yi: wa zai karɓa daga hannuna, kuma wa ya tsaya musu? Su ne ya kamata ka yi game da kuɗin waya.

Mene ne kuɗin waya?

Kuɗin waya dabam suke da kuɗin kira da kake sawa don yin magana. Asusu ne da kamfani yake buɗe maka a kan lambar wayarka. Kana zuwa wurin wakilin kamfanin, wanda sau da yawa mai ƙaramin shago ne a bakin titi, ka ba shi jikka goma. Shi kuma ya tura maka 10,000 daga asusunsa zuwa naka. Saƙo zai shigo wayarka yana faɗin abin da aka zuba. Daga nan kana iya aika wa wani, ko ka biya kuɗin wutar Nigelec, ko ka sayi kuɗin kira, ko ka koma wurin wani wakili a wani gari ka karɓi tsabar kuɗinka.

Sefa ce dai wadda ka sani, ba wani sabon kuɗi ba ne. Babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma, wato BCEAO, mai hedkwata a Dakar, shi ne yake buga sefar da ƙasashe 8 suke amfani da ita: Nijar, Benin, Burkina Faso, Kodebuwa, Gine Bisau, Mali, Senegal da Togo. Shi ne kuma ya kafa ƙa'idar kuɗin waya, da farko a 2006, sa'an nan ya sabunta ta a 2015. Ƙa'idar ta 2015 ta ce duk sefar da ke rubuce a wayoyin mutane, dole kamfani ya ajiye daidai da ita a banki, a asusu na musamman, kada ya gauraya ta da kuɗin kasuwancinsa. Ta ce mai asusu yana da ikon neman kuɗinsa a duk lokacin da ya so. Ta hana kamfanin kuɗin waya biyan ruwa a kan ajiya, saboda haka jikka goman da ka zuba ba za ta haihu ba. Ta kuma sa iyaka: mutum ɗaya da aka tantance da takardar shaida ba zai tara fiye da miliyan 2 a asusunsa na kamfani ɗaya ba.

Wani abu da yake kwantar da hankali shi ne, kuɗin ba a cikin ƙarfen wayar suke ba. Suna cikin littafin kamfani ne, a kwamfuta. Idan wayarka ta faɗa ruwa, ko aka sace ta a tasha, kuɗinka suna nan, muddin ɓarawon bai san lambar sirrinka ba. Dattawan Yamai ba su manta gobarar da ta cinye Babbar Kasuwa a 1982 ba. Wuta ba ta barin takardar da aka ɓoye a akwati, amma ba ta iya ƙona abin da yake rubuce a wani wuri dabam.

Yadda abin ya shigo Nijar

A ƙasar Kenya ne wannan hanya ta fara bunƙasa, lokacin da kamfanin Safaricom ya fito da M-Pesa a 2007. A Nijar, kamfanin Zain ya kawo nasa tsarin mai suna Zap a farkon 2010. A cikin shekarar nan Airtel ya sayi Zain, tsarin ya koma hannunsa, kuma mutane da yawa sun san shi da sunan M-Koudi. Kamfanin Orange ma ya kawo nasa, kafin ya sayar da reshensa na Nijar a 2019 ya koma Zamani Telecom. Moov shi ma yana da nasa.

Jarrabawar farko mai ma'ana ba a Yamai aka yi ta ba, a karkarar jihar Tawa aka yi. Daminar 2009 ba ta yi kyau ba, aka shiga 2010 da ƙarancin abinci. Ƙungiyar agaji ta Concern Worldwide ta raba tallafi a ƙauyuka 96, kowane gida kimanin jikka 22 a wata, har wata 5, kuma yawanci mata ne suke karɓa. An raba ƙauyukan gida uku. Wasu an ba su kuɗin a hannu. Wasu an ba su waya, aka riƙa tura musu ta Zap. Wasu kuma an ba su waya, amma kuɗin a hannu aka ba su, don a gane ko wayar ce take kawo bambanci ko hanyar biyan. Wata malamar jami'a daga Amurka, Jenny Aker, da abokan aikinta suka bi sawun abin da ya faru.

Sun gano cewa gidajen da aka tura wa ta waya sun fi cin abinci iri-iri, kuma yaransu sun fi samun abinci a yini. Kuɗin ɗaya ne, to me ya kawo haka? Masu binciken sun nuna dalilai biyu. Wadda ake ba ta a hannu sai ta yi tafiya zuwa wurin rabo, ta zauna cikin layi, ga shi lokacin aikin gona ne. Wadda aka tura wa ta waya takan karɓa kusa da gida, a lokacin da ta ga dama. Na biyu, saƙon waya ba ya shela. Kuɗin sukan iso a asirce, sai matar ta sami bakin magana a kan yadda za a kashe su. Amma akwai abin lura: kusan dukansu sun cire kuɗin gaba ɗaya da zarar sun shigo, domin babu mai sayar da hatsi a kasuwar ƙauye da zai karɓi lamba a madadin takarda.

Duk da wannan kyakkyawan mafari, Nijar ba ta yi saurin Kenya ko Kodebuwa ba. Binciken Bankin Duniya ya nuna cewa a 2011, cikin manya 100 a Nijar, waɗanda suke da asusu ba su kai 2 ba. A 2017 sun kai kimanin 16, an haɗa da masu asusun waya. An ci gaba, amma ƙasar tana cikin na baya a duniya. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Kimanin mutum 1 cikin 5 ne yake da wutar lantarki a gida. Akwai ƙauyuka da sai an hau tudu ake samun layi. Mutane da yawa ba su da katin shaida, kuma manya masu iya karatu ba su kai rabi ba. Sai kuma wani dalili na Nijar ita kaɗai: kafin kuɗin waya su kafu, mutane sun riga sun sami hanyar da ta yi musu.

Gidajen aika kuɗi

Nijar ƙasar 'yan ci-rani ce. Da an kai amfanin gona gida, samari sukan nufi Yamai, ko Kano, ko Lome, ko Abijan, ko Libiya. A da, mai son aika wa iyali sai ya jira wani ɗan garinsu mai komawa, ko ya damƙa wa direban mota amana. Wani lokaci kuɗin su iso, wani lokaci labari ya iso.

Gidajen aika kuɗi irin su Al Izza, da BNIF Afuwa, da Nita, da Amana, su suka cike wannan gurbi. Tsarinsu ya dace da wanda bai yi karatu ba. Ka miƙa kuɗi, ka faɗi sunan mai karɓa da garinsa da lambar wayarsa, ma'aikaci ya rubuta, ya ba ka takardar shaidar biya. Ɗan'uwanka a Damagaram ko Agadas ya je reshensu ya karɓa a ranar. Ba ka danna komai ba, kuma ka ga fuskar wanda ka ba. Daga baya waɗannan gidaje suka shiga waya su ma. Nita ta fito da manhajar MyNita, Amana ta fito da AmanaTa, har ya zama ɗan kasuwa a Wadata yana iya biyan mai kawo masa kaya daga Maraɗi ba tare da ya bar rumfarsa ba. Saboda haka a Yamai hanya biyu ce take kai mutum ga kuɗin waya. Ta kamfanonin sadarwa tana aiki ko da ƙaramar waya mai maɓallai, ta hanyar danna lamba mai farawa da tauraro. Manhajojin gidajen aika kuɗi kuwa suna buƙatar babbar waya da intanet.

Shekarar da takarda ta yi wuya

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyoyin ƙasashen yankin suka sa wa Nijar takunkumi. Aka dakatar da huldar kuɗi, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci a bankuna. Ma'aikaci yana da albashi a rubuce, amma sai ya yi dogon layi, a ba shi kaɗan daga ciki. A wannan hali mutane da yawa a Yamai suka koyi turawa da karɓa ta waya, ba don sha'awa ba, don dole. Sai dai a lokacin ne kuma Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ita ce kaso mafi girma na wutar ƙasar. Waya ba caji ba ta biyan komai. Wakili ma idan ba shi da takarda a aljihun teburinsa, ba abin da zai ba ka, komai yawan abin da ke asusunka. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024. Nijar ta fita daga ƙungiyar CEDEAO a Janairun 2025, amma ba ta bar sefa ba a lokacin.

Masu fatauci tsakanin Maraɗi da Katsina, ko Birnin Ƙonni da Sakkwato, sun riga sun ga irin wannan a farkon 2023, sa'ad da Najeriya ta canza fasalin manyan takardun naira. Sababbin ba su wadata ba, tsofaffin ana ƙin karɓa, masu na'urar cire kuɗi a bakin titi suka tsawwala lada, har ya zama mutum yana sayen kuɗinsa da kuɗinsa. A ganinmu, mai hankali ba ya zuba duk abin da ya mallaka a waya, ba ya kuma barin duka a ƙarƙashin katifa. Ka ajiye na cefanen 'yan kwanaki a hannu.

Wata matsala da ta daɗe ita ce, asusun kamfani ɗaya ba ya magana da na wani cikin sauƙi. Don magance haka BCEAO ya ƙaddamar da wani tsari mai suna PI-SPI a ranar 30 ga Satumba 2025, domin a iya tura kuɗi nan take tsakanin banki da asusun waya da ƙananan gidajen ajiya, dare ko rana. Ka tambayi bankinka ko kamfaninka ko sun shiga ciki.

Dala a baki, tamma a waya

A nan ne mai koyon karatu ya fi bukatar natsuwa. Mu a kasuwa da dala muke ƙirga, kuma dala ɗaya tamma 5 ce. Waya ba ta san dala ba. Da tamma take ƙirga, wato sefa ɗai-ɗai. Abin da bakinka yake kira dala ashirin, waya tana rubuta shi 100. Ɗari a baki, 500 ne a waya. Jikka ɗaya, wato dala ɗari biyu, 1,000 ce.

Ga yadda kuskure yake faruwa. Mahaifiyarka a ƙauye ta ce ka aiko mata ɗari biyar na magani. Ka ɗauki waya ka rubuta 500. Abin da ya isa gare ta ɗari ne kawai, domin ɗari biyar ɗinta 2,500 ce a rubuce. Ko kuma mai kanti ya ce maka ɗari uku, ka ga ya rubuta 1,500, ka ɗauka cuta ce, alhali daidai ya rubuta. Ƙa'idar ɗaya ce: abin da aka faɗa da dala, ka ninka shi sau 5 kafin ka rubuta. Abin da ka gani a waya, ka raba shi gida 5 ka san dala nawa ne.

Jikka ta fi sauƙi, don sifiri uku kawai za ka ƙara. Jikka biyar 5,000. Jikka hamsin 50,000. Amma nan ma akwai tarko. Tsakanin jikka biyar da jikka hamsin sifiri ɗaya ne tak, ga maɓallan waya ƙanana, yatsa yana iya danna biyu a wurin ɗaya. Kafin waya ta tura, takan nuna maka adadin da lambar mai karɓa, wani lokaci har da sunansa. Kada ka yi gaggawa a wannan wuri. Ka sa yatsa ka ƙirga sifirin ɗaya bayan ɗaya, ka karanta lambobin nan 8 na mai karɓa da ƙarfi, sa'an nan ka amince.

Kada ka ce wannan ya fi ƙarfinka. A 2009 da 2010 an gudanar da wani shirin yaƙi da jahilci a jihohin Doso da Damagaram, mai suna ABC, tare da ƙungiyar CRS. A wasu ƙauyuka an koya wa manya karatu da lissafi kamar yadda aka saba. A wasu kuma an ƙara musu da koyon amfani da waya: gane lambobi, neman haruffa, rubuta gajeren saƙo. Da aka yi jarrabawa, waɗanda suka koya da waya sun fi samun maki a rubutu da lissafi. Wayar ta zama musu allo da suke ɗauke da shi kullum. Kai ma saƙon da kamfani yake turo maka bayan kowace hulɗa darasi ne: akwai adadi, akwai rana, akwai abin da ya rage. Ka kai shi aji ku karanta tare da malami, bayan ka tabbata babu lambar sirri a ciki.

Lambar sirri da masu zamba

Lambar sirri ita ce makullin rumbunka. Kada ka zaɓi shekarar haihuwarka, ko 1234, ko ƙarshen lambar wayarka. Kada ka rubuta ta a bayan waya. Wakili ba ya bukatar saninta. Idan an zo wurinta, ka karɓi wayarka ka danna da kanka. Ke kuma 'yar'uwa, idan ɗanki ko ƙaninki ne yake danna miki, ki sani duk wanda ya san lambar yana iya kwashe kuɗin ba da saninki ba. Lambobi huɗu ne a yawancin tsare-tsaren, kuma mai iya riƙe lissafin adashi na mata ashirin a ka ba za ta kasa riƙe su ba.

Masu zamba suna da 'yan hanyoyi da suke maimaitawa. Wani zai turo maka saƙo mai kama da na kamfani, ya kira yana magiya cewa kuskure ya yi, ka mayar masa. Kafin ka mayar da komai, ka duba asusunka da kanka; sau da yawa babu abin da ya shigo. Wani zai ce shi ma'aikacin kamfani ne, za a rufe layinka in ba ka faɗi lambar sirri ba. Wani zai ce ka ci kyauta, ko an sa sunanka cikin masu samun tallafi, amma sai ka fara tura kuɗin takardu. Kamfani na gaskiya ba ya tambayar lambar sirri ta waya. Idan kai mai kanti ne, kada ka saki kaya don mai saye ya nuna maka hoton biya a wayarsa. Ka jira ka gani a taka.

Lada, adashi da gado

Zuba kuɗi a wurin wakili yawanci kyauta ne, amma aikawa da cirewa suna da lada, kuma ladan ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, yana kuma canzawa. Ka tambaya kafin ka miƙa kuɗi. Mai cire kaɗan-kaɗan kullum yakan fi asara. In wanda za ka biya yana karɓa ta waya, tura masa kai tsaye yakan fi araha da ka cire ka kai masa.

Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka faro a jihar Maraɗi a 1991 da taimakon ƙungiyar CARE, sun yi ƙarfi ne saboda ana ƙirga kuɗi a gaban kowa, kuma ba mace ɗaya ce take riƙe akwati da makullansa duka ba. Idan ƙungiyarku za ta koma ajiya a waya, kada ku zubar da wannan hikima. Kada a sa kuɗin jama'a a layin mutum ɗaya da yake hulɗarsa ta yau da kullum. A sami layi na ƙungiya, wata ta riƙe wayar, wata ta riƙe lambar sirri, kuma a karanta abin da ya rage a kowane zama.

Akwai maganar da ba a son yi, amma tilas ce. Kuɗin da ke waya dukiya ce, kuma tana cikin gado. Idan mutum ya rasu babu wanda ya san yana da asusu, haƙƙin magada yana iya salwanta. Ka sanar da wani amintacce cewa kana da ajiya a kamfani kaza, ko da ba ka faɗa masa lambar sirri ba. Don haka ne ma ya kamata layin ya kasance da sunanka aka yi masa rajista, ba da katin maƙwabci ba, domin kamfani da sunan da ke rubuce yake aiki.

In kuskure ya auku

Idan ka tura wa wanda ba shi ba, kada ka goge saƙon. A cikinsa akwai lambar hulɗar, wadda da ita ma'aikata suke gano kuɗin. Ka kira lambar taimako ta kamfanin nan take, ko ka je babban ofishinsu da wayar da katin shaidarka, domin idan wancan ya riga ya cire, dawo da kuɗin yana da wuya. Idan wayar ce ta ɓata, ka je a ranar a rufe layin, a ba ka sabon kati mai lambarka ta da, sa'an nan ka canza lambar sirri. Idan kuwa zamba aka yi maka, bayan ka sanar da kamfani ka kai ƙara wurin 'yan sanda, tare da lambar da ta kira ka da ranar da abin ya faru.